Matan Da Ke Dasa Daji A Taɓon Ogoni

A watan Agustan 2008 bututun ɗanyen mai na kamfanin Shell, wanda ake kira Trans-Niger, ya tsage a cikin mashigin ruwan Bodo da ke ƙaramar hukumar Gokana a Jihar Ribas. Mai ya yi ta kwarara dare da rana, ba a toshe shi ba sai ranar 7 ga Nuwamba. Mutanen garin ba su gama farfaɗowa ba, a Disamba bututun ya sake ɓallewa ta wani wurin, ya ci gaba da zuba har cikin Fabrairun 2009. Daga baya kamfanin da bakinsa ya amsa cewa lalacewar bututun ce ta jawo duka biyun, babu hannun ɓarawo a ciki.

Mutumin tudu, wanda ya saba da kogi mai gangarawa gefe guda, zai ɗauka ruwa zai kwashe man ya kai teku, kowa ya huta. Ruwan Bodo ba ya tafiya haka. Sau biyu a kowace rana teku yakan cika, ya turo ruwan gishiri cikin kowane lungu na daji, bayan kimanin sa'o'i shida ya janye ya bar taɓo a fili. Duk cikar da ya yi sai ya kai man inda jiya bai kai ba, duk janyewar da ya yi sai ya shafe saiwoyi da taɓo da shi. Ƙiyasin da aka yi aikin gyara da shi daga baya ya nuna wajen hekta 1,000 na daji abin ya cinye. Bishiyoyi suka mutu a tsaye.

Dajin da ake magana a kai na bishiyar mangurob ne, wadda ke tsiro inda ruwan kogi ya haɗu da na teku. Neja Delta ce ke da irin wannan daji mafi girma a Afirka. Bishiyar tana tsaye ne bisa dogayen saiwoyi da suka fito daga jikinta suka lanƙwasa suka nutse cikin laka. Dalilin wannan halitta shi ne taɓon da take ciki, wanda mutanen yankin ke kira cikoko, baƙi ne mai danƙo, kuma kusan babu iska a cikinsa. Saiwar da ke binne ba za ta samu numfashi daga ƙasa ba, don haka sashen da ke sama yana da ƙananan ƙofofi, ta nan iska ke shiga idan ruwa ya janye. Ɗanyen mai yana toshe waɗannan ƙofofin, sinadaransa masu guba kuma su ratsa cikin saiwar. Ganye ya yi rawaya, ya zube, shi ke nan.

Akwai wata masifar da ba a gani da ido. Sashen mai marar nauyi yakan bi iska ya tafi cikin 'yan kwanaki, wanda shi ne warin da ke sa ciwon kai. Mai nauyin kuwa yana nutsewa, ya bi ramukan ƙaguwa ya shige can ƙasa. Allah Ya halicci ƙwayoyin bakteriya masu cin mai su narkar da shi, amma aikinsu yana gudu ne idan akwai iska. A cikin cikoko abin yana tafiyar hawainiya, shi ya sa man da ya zube yau zai iya yin shekaru goma ko ashirin yana kwance, da zarar an taka wurin ya ɓullo.

Idan dajin ya mutu, ruwan ma ya shiga uku. Saiwoyin mangurob ne ke rage wa ruwa gudu, su tare laka da dauɗar da kogi ya ɗebo, su riƙe gaɓa kada ta zaizaye. Ganyen da ke zubowa yana ruɓewa ya ciyar da ƙananan halittu, su kuma su ciyar da jatan lande da 'ya'yan kifi. Kifaye da dama da ake kamawa a tsakiyar teku a cikin waɗannan saiwoyin suka yi ƙuruciyarsu, inda manya ba sa iya kutsawa su cinye su. Kawa tana manne a jikin saiwar, tana tace ruwa tana cin abin da ke yawo cikinsa. Maza masunta suna shiga kwalekwale su nausa nesa. Mata kuwa dajin ne gonarsu: idan ruwa ya janye su shiga da kwando su tsinci ƙananan dodon koɗi da kawa da ƙaguwa, a ci a gida, a kai saura kasuwa. Da wannan ake biyan kuɗin makaranta. Namiji mai injin jirgi yana iya ƙara nisa ya nemi ruwa mai tsabta, mace mai kwando ba ta da inda za ta. Wannan ne ya sa ba abin mamaki ba ne da aka ga mata a sahun gaba wajen dasa dajin.

Abin da aka fara miƙa wa garin Bodo, kamar yadda lauyoyinsu da ƙungiyar Amnesty suka bayyana, shi ne buhu 50 na shinkafa, buhu 50 na wake, 'yan katan na sukari da tumatir da man gyaɗa, da kuɗin da bai wuce fam 4,000 ba. Gari ne mai mutane dubbai masu yawa. Suka ƙi karɓar kuɗin a matsayin diyya, suka kai ƙara Landan ta hannun lauyoyin Leigh Day. Kamfanin ya ce gangar mai kimanin 4,000 ce ta zube a karo biyun. Ƙwararrun da Amnesty ta sa suka duba bidiyon fashewar farko suka ce ita kaɗai ta haura ganga 100,000. A 2014 kamfanin ya yarda a takardun kotu cewa lissafinsa ya yi ƙasa da gaskiya. A Janairun 2015 aka daidaita kan fam miliyan 55: miliyan 35 ga mutum 15,600, kowa ya tashi da kimanin fam 2,200, miliyan 20 kuma ga al'umma baki ɗaya. Nasara ce babba, kuma da guminsu suka same ta. Sai dai ranar da kuɗin ya shiga asusun masunci, ruwan da ke bayan gidansa yana nan baƙi ƙirin.

Kafin nan, a watan Agustan 2011, Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNEP, ta fitar da rahotonta kan ƙasar Ogoni, inda garin Bodo yake. Masana sun shafe wata 14 suna aiki, suka duba wurare sama da 200, suka gwada samfur fiye da 4,000 na ƙasa da ruwa. A wurare 49 sun tarar mai ya nutse aƙalla mita biyar. A Nisisioken Ogale, cikin ƙaramar hukumar Eleme, sun samu mutane suna shan ruwan rijiya mai ɗauke da sinadarin benzin, wanda ke haddasa cutar daji, ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. A nan ne kuma suka auna tataccen mai mai kaurin santimita takwas yana yawo a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa. Rahoton ya ce gyaran zai ci shekara 25 zuwa 30, a fara da dala biliyan ɗaya. Ya ce kuma hanyar da aka saba bi, ta kaftar ƙasa a juya ta a bar wa rana da iska, ba ta kai ga man da ya yi zurfi. Ya kamata mai karatu ya tuna cewa tun 1993 Shell ya daina haƙo mai a Ogoni, bayan boren da ƙungiyar MOSOP ta Ken Saro-Wiwa ta jagoranta. Rijiyoyin sun tsaya, bututun da ke ratsa ƙasar ya ci gaba da ɗaukar man wasu wurare zuwa tashar Bonny.

Gwamnatin Jonathan ta kafa hukumar HYPREP a 2012 don wannan aiki, amma ba ta taɓuka wani abin kirki ba. A watan Yunin 2016 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya je Bodo ya ƙaddamar da gyaran a madadin Shugaba Buhari. 'Yan kwangila ba su shiga fili ba sai 2019. A 2020 Amnesty da ƙawayenta suka fitar da bincike cewa kashi 11 cikin 100 kawai na wuraren da aka tsara aka fara taɓawa, kuma da yawa cikin kamfanonin da aka bai wa kwangila ba su da tarihin irin wannan aiki.

Mutanen yankin ba su zauna jiran Abuja ba, kuma sun fara tun kafin duniya ta san sunan Bodo. A 2005 wata ƙungiya mai suna CEHRD, wadda ke aikin muhalli da haƙƙin ɗan Adam a Ribas, ta haɗa kai da mutanen gari suka dasa mangurob a wani sashe na mashigin da wata malalar mai ta baya ta kashe. Cikin jagororin aikin akwai Nenibarini Zabbey, ɗan asalin Bodo, masanin halittun ruwa wanda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Fatakwal. Dashen ya kama, yana girma, sai malalar 2008 ta zo ta kashe shi. A ganina duk wanda zai yi magana kan aikin gayya a gaɓar teku ya kamata ya fara da wannan labari, domin ya nuna iyakar abin da hannun talaka zai iya. Shekara uku na wahala, fashewar bututu guda ta shafe su.

Amma Zabbey ya yi wani abin da mai bai iya shafewa ba. Tun kafin fashewar yana shiga mashigin Bodo yana ɗibar laka, yana ƙirga ire-iren tsutsotsi da dodon koɗi da sauran ƙananan halittun da ke cikinta, yana auna ruwan, yana rubutawa. Aikin karatu ne wanda a lokacin ba wanda ya damu da shi. Da man ya zube ya koma wuraren nan dai ya sake ƙirgawa, aka ga abin da ya ɓace ƙuru-ƙuru. A mafi yawan wuraren da mai ya ɓata a Neja Delta babu wanda ya rubuta yadda ruwan yake a da, don haka idan aka zo gardama sai a ce wa mutane dama can haka wurinku yake. A Bodo akwai takarda. A 2023 aka naɗa shi shugaban HYPREP, kuma a zamaninsa hukumar ta shiga dashen mangurob a ɗaruruwan hekta a yankin Bomu.

Gyaran mashigin Bodo kansa ya bi ta wani zaman sulhu da aka fara a 2013, wanda jakadan Holand da gamayyar ƙungiyoyin farar hula suka shiga tsakani. Nan ma ba a tafi sumul ba. A 2015 matasan gari suka tarwatsa aikin kan rigimar wa za a ɗauka da nawa za a biya, aka yi asarar shekara biyu, sai 2017 aka dawo. Ba na ganin amfanin ɓoye wannan. Inda aka kashe sana'a, aikin kwashe mai yakan zama sana'ar da ta rage, kowa kuma yana son rabonsa. Aikin na hannu ne, ɗaruruwan 'yan gari aka horar suka yi shi. Da farko a kewaye man da ke yawo da shingen roba mai iyo, a kwashe. Sannan idan ruwa ya janye, ma'aikata su shiga taɓo da tiyo, su cusa bakinsa cikin laka su tura ruwa a hankali. Man da ya yi shekaru a binne sai ya taso, cikar teku ta ɗaga shi, a tare a kwashe. Ba a sa ƙarfi da yawa, domin ruwa mai matsi yana wargaza cikoko, kuma idan cikoko ya tafi babu inda za a yi dashe. Taku ɗaya bayan ɗaya ake bin hekta 1,000.

Bayan wanki sai dashe, a nan ne Martha Agbani ta shigo. 'Yar Ogoni ce, mahaifiyarta ta yi gwagwarmaya a zamanin Saro-Wiwa, ita kuma tana jagorantar wata cibiyar raya al'umma mai suna Lokiaka. Ta lura cewa za a buƙaci ɗimbin 'ya'yan itace, kuma idan ba a yi wani abu ba, 'yan kwangila ne za su kawo su daga wani wuri, matan da suka rasa abin yi su tsaya kallo. Sai ta tara mata sama da ɗari ta koya musu renon mangurob, suka kafa wurin reno a ƙauyen Yaataah. Niyyarta ita ce su sayar wa kamfanin da ya kashe dajin, abin da ya rage su dasa da kansu.

Ɗan mangurob yana tsirowa tun yana rataye a jikin uwarsa, dogo siriri kamar ɗan zogale, ƙasansa mai tsini. Idan ya nuna sai ya faɗo, ko ya cake a laka ko ya bi ruwa har ya samu masauki. Matan suna fita da kwalekwale zuwa inda daji ke da sauran rai, su tsinto waɗanda suka nuna. A wurin reno sukan cika ƙananan ledoji da laka, su soka ɗa guda a kowace, su jera su a inda cikar teku za ta shayar da su sau biyu a rana ba tare da ta nutsar da su gaba ɗaya ba. Bayan wasu watanni, idan ganye ya fito saiwa ta kama, a loda su a kwalekwale a kai wurin dashe. Lokacin aikin teku ne ke yanke shi: dole a shiga da zarar ruwa ya janye, a fito kafin ya dawo. Mace za ta nutse har gwiwa, wani wurin har cinya, ta haƙa rami da hannu ko da sanda, ta yage ledar, ta zaunar da dashen, ta danne gefensa, ta zare ƙafa da ƙyar ta matsa gaba. Ledar kuma a tattara a fito da ita. Wurin da ya yi zurfi dashen zai nutse, wurin da ya yi tudu zai bushe, inda mai ya yi yawa a ƙasa zai ƙone. Wadda ta yi shekaru tana tsintar dodon koɗi a wannan taɓo ta san waɗannan wurare da tafin ƙafarta, ilimin da babu ɗan kwangilar da zai zo da shi daga Fatakwal.

Suna da wani abokin gaba kuma, wani kwakwan ruwa da ake kira nipa. Turawan mulkin mallaka ne suka kawo shi Kalaba daga Singafo a 1906 don tare zaizayar gaɓa. Ya bazu, kuma duk inda mangurob ya mutu shi ne ke riga kowa mamaye wurin. Kore ne shar, mai kallo daga nesa zai ce daji ya dawo, alhali ba ya ba kifi da kawa mafakar da mangurob ke ba su. Sai an sare shi an kwashe 'ya'yansa kafin a yi dashe, kuma a ci gaba da sa ido.

Akwai ɓangaren da 'yan gwagwarmaya ba su cika son a taɓo ba, amma gaskiya ce. Shell ya daɗe yana cewa mafi yawan malalar mai a yankin daga sata da fasa bututu take, ƙungiyoyi kuma suna ƙalubalantar alƙalumansa. Duk yadda lissafin yake, matatun ɓoye da ake kira kpofire suna nan cikin daji. Ana dafa ɗanyen man sata a tankunan ƙarfe, a ɗebi dizal da kananzir, a zubar da dagwalon a ruwa. Rahoton UNEP ya nuna a yankin Bodo ta Yamma an rasa kashi 10 cikin 100 na lafiyayyen mangurob tsakanin 2007 da 2011, daidai lokacin da wannan sana'a ta bunƙasa a wurin. Baƙar tokar da ta fara lulluɓe Fatakwal a ƙarshen 2016 tana da nasaba da wannan sana'a, da kuma yadda jami'an tsaro ke cinna wa matatun wuta idan sun kama su. Yaron da ke dafa man sau da yawa ɗan masuncin da ruwansa ya mutu ne. Uwarsa na dasa daji a wannan gaɓa, shi yana ƙona shi a waccan. Manyan da ke sayen man da jiragen ruwa kuwa ba a ƙauye suke kwana ba.

Wani aikin da al'umma suka koya shi ne tsayawa kan bincike. Idan mai ya zube, doka ta tanadi ziyarar haɗin gwiwa: wakilan kamfani, hukumar NOSDRA da aka kafa a 2006, jami'an jiha da mutanen gari su je su ga abin da ya faru. Abin da aka rubuta a takardar ranar shi ke yanke komai, domin idan aka ce ɓarna ce ta wasu, babu diyya. UNEP ta lura cewa hukumomin gwamnati kan dogara da kamfanonin mai wajen kai su wurin, ga shi kuma kamfanin ne mai kayan awo. Shi ya sa ƙungiyoyi suka shiga horar da 'yan gari su ɗauki hoto da bidiyo da waya, su rubuta rana da wuri, su karanta takarda kafin su sa hannu. Bidiyon da aka ɗauka a Bodo a 2008 ne ya karya lissafin ganga 4,000.

Duk da haka akwai abin da ya fi ƙarfin kwando da waya. Mata za su iya dasa daji, ba za su iya canza bututun da aka shimfiɗa tun shekarun 1960 ba, ba za su iya tsotse benzin daga ƙarƙashin Ogale ba. Sarkin Ogale, Emere Godwin Bebe Okpabi, sai da ya ɗauki kwalbar ruwan rijiyar garinsa ya kai Landan ya nuna wa duniya, kuma sai a Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yarda a saurari ƙararsu a can. Wani bincike da masana daga Jami'ar St. Gallen ta Suwizalan suka wallafa a 2019 ya gano cewa idan mai ya zube cikin kilomita 10 daga inda mace take kafin ta ɗauki ciki, haɗarin mutuwar jaririnta a watan farko yana ninkawa. A watan Maris na 2025 Shell ya kammala sayar da kamfaninsa na haƙar mai a tudu ga gamayyar Renaissance, mutanen yankin kuma suna tambayar wa zai ɗauki tsohon bashin gyara. Tambaya ce da ta dace, kuma gwamnatin da ta amince da cinikin ita ce ya wajaba ta amsa.

Mu a Arewa muna da hannu a wannan lamari ko mun so ko mun ƙi. Kason da ake rabawa jihohi da ƙananan hukumomi kowane wata daga asusun tarayya, wani ɓangarensa ta bututun nan ya biyo. Albashin malami a Katsina da kwaltar da aka shimfiɗa a Gusau suna da alaƙa da ruwan Bodo. 'Yan majalisarmu suna zaune a kwamitocin da ke duba kasafin HYPREP da NOSDRA, kuma babu abin da ya hana mu tambaye su me suka gani.

Yanzu kuma abin ya matso gida. A watan Nuwamban 2022 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe. Can babu teku babu mangurob, amma akwai rijiyoyi da rafuka da fadamu da mashayar dabbobi. Ina kira ga jami'o'in Bauchi da Gombe da Kashere, da sarakuna da ƙungiyoyin matasan yankin: ku ɗebi ruwan rijiyoyin ƙauyukan da ke kewaye da Kolmani tun yanzu, a gwada shi a ɗakin bincike, a rubuta sakamakon da rana da sunan wuri, a ajiye kwafi a fadar hakimi da ɗakin karatu na jami'a, a kuma maimaita gwajin kowace shekara.